Sifikun da Suka Ƙi Ɗaga Murya

Naziru ya murɗa sautin har ƙarshe, amma mai sharhin ƙwallo yana ta magana ƙasa-ƙasa kamar mai gulma a gidan makoki.

Da ribar albasar bara ya sayi kayan: kwamfuta, faffaɗan allo, da sifiku biyu, kowace ta kai tsayin buhu. Makon farko sun yi ruri har kajin maƙwabta suka daina shigowa gidan. Daga nan muryarsu ta dushe.

Matsalar ita ce ya riga ya cika baki. A majalisar bakin tashar Aliero ya ce wasan ƙarshe na kofi a falonsa za a kalla, kuma in aka ci ƙwallo mutanen Jandutsi ma za su ji daga gonakinsu. Abokansa kuwa gwanayen laƙabi ne. Akwai wanda babur ɗinsa ya mutu a hanyar ɗaurin aure, har yau Turi ake kiransa, shi da 'ya'yansa.

Ya ɗauko Kefas daga Jega, malamin kwamfuta da ke gyare-gyare in an tashi makaranta. Kefas ya buɗe saitin sauti, ya tura kowane ma'auni sama. Ya sabunta manhaja. Ya zare tsofaffin wayoyi ya sa sababbi. Da ya kara kunne a jikin sifika sai ya ji wani sauti can ciki kamar ana kaɗa caki, hancinsa kuma ya ɗebo ɗan wari. Ya ci gaba da aikinsa. A Aliero ba a tambayar daga ina warin albasa yake fitowa.

"Oga, sai dai mu kai su shago in buɗe."

"Ba inda za su tahi," in ji Malam Sabo, mahaifin Naziru, daga kan tabarmarsa. "Abin da masu shi sunka ƙulle, kai wane ne da za ka buɗe?"

Tsohon da bai taɓa ɗaukar talabijin a bakin komai ba, kwanan nan ya dawo da tabarmarsa falo, a tsakanin sifikun yake ƙailula. Tambaya ɗaya ya taɓa yi a kan kayan, wai ko ɓera na iya huda irin wannan katako. Naziru ya ji daɗi, ya ce zamani ya fara shiga Baba.

Tunda an hana buɗewa, sai a ƙara ƙarfi. Naziru ya tafi Maiyama ya aro na'urar ƙara sauti wurin wani mai ba da hayar kayan taro. Kefas ya dube ta, ya dubi falon.

"Wannan ta filin wa'azi ce fa, Oga."

"Haɗa dai, Malam. Mutuncina na nan ciki."

Ranar wasa, bayan la'asar, falo ya cika har bakin ƙofa. Turi ma ya zo, ya zauna a gaba, da fuskar wanda ya daɗe yana jiran magaji. Kefas ya fara murɗawa a hankali. Sautin ya ɗan ɗago, sifikun suka soma karkarwa kamar masu zazzaɓi.

"A rage!" in ji Malam Sabo. Ba wanda ya juyo.

Naziru ya ture hannun Kefas ya murɗa da kansa. A daidai lokacin ƙwallo ta shiga raga, mai sharhi ya kwarma ihu, sifikun biyu suka yi wani irin tari. Daga ramin iskar kowace wasu ƙunshe-ƙunshen tsofaffin safa suka yi tsalle waje, suka fashe, baƙaƙen ƙwayoyi suka watsu a kan huluna da kofunan shayi. Sai ga murya ta dawo gaba ɗaya, har gilashin taga na amsawa.

Naziru ya daka tsalle. Jama'a suka miƙe za su bi shi.

Malam Sabo ya faɗa tsakiyar falo da rarrafe, ya baje hannuwa, muryarsa ta danne ta sifikun:

"Kowa shi tsaya inda yake! Wanda yat taka min irin albasa, shi za shi shuka min gona bana!"