Bencin Mama

Injiniya ya ajiye guntun katakon a gaban surukarsa, ya ja da baya ya durƙusa. Mama ta ɗauka, ta juya shi, ta kai hanci.

"Wannan ai ƙonewa ya yi," in ji ta. "Auta, mijinki ya manta girki a wuta."

Auta ta rufe baki da mayafi. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya fara bayanin da ya sha yi har bakinsa ya gaji. Itacen shuka ne mai saurin girma, ba na daji ba. In an sare ɗaya sai a dasa wani. Ana sa shi a murhun ƙarfe mai girman ɗaki, a gasa shi da zafi da tururi har ya yi duhu. Ba magani, ba guba. Daga nan ba ya shan ruwa sosai, ba ya kumbura, ba ya saurin ruɓewa.

Bangon gaban gidan Mama ya tsattsage, kuma dole a gyara kafin ruwa ya sauka. Gidan yana bakin babban titi, duk mai wucewa sai ya gan shi. Injiniya yana sayar da katakon ƙofa da na kujera, amma ba wanda ya taɓa yarda a lulluɓe masa bangon waje da shi. Duk mai ginin da ya je wa, tambayarsa ɗaya ce: "Wa ka taɓa yi wa?" In Mama ta ƙi, siminti za a yaɓa, kuma kafin ya bushe kowa ya ji cewa ko a gidan surukai ba a yarda da kayansa ba.

Mama ta nuna wani benci da ke jikin bango, daidai inda indararo ke zuba. Kore ne shar, domin duk shekara ita da kanta take shafa masa fenti.

"Ka ga wancan? Shi ne katako. Rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, ko gezau. Kawo mini irinsa in ba ka bango. In babu, siminti."

Ya san bencin kamar tafin hannunsa. A kansa ya yi zaman neman aure, lokacin da shagonsa bai wuce rumfa ba, yana sayar da falanki ɗaya-ɗaya ga duk wanda ya tsaya. Zuwansa na farko a kan dutse ya zauna, sai daga baya ya tarar an ajiye benci. Da ya nemi turo manyansa, Mama ta ce sai bayan damina. Damina ta wuce, ta ce a bari wata ta zo. Ya zauna a bencin nan har abokai suka sa masa suna mai gadi. Rannan, bayan wani ruwa da ya kwana ya wuni, ta aika a ce masa ya turo su. Har yau ba wanda ya san abin da ya sauko da ita.

Ya bazama kasuwar katako da hoton bencin a waya. Wani ya ce itacen daji ne na da, irinsa ya ƙare. Wani ya ce daga ƙetare aka kawo shi, kuma yana da ƙaninsa a sito. Duk guntun da ya kawo, Mama sai ta ƙwanƙwasa shi da zobenta, ta ƙwanƙwasa bencin, ta girgiza kai.

Auta ta lallaɓa ta tambayi inda aka samo shi.

"Wani kafinta ne ya haɗa mini. Ya bar gari," in ji Mama, ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Wata rana ana shara, Injiniya ya ɗaga bencin don ya matsar da shi. Da hannu ɗaya ya tashi. Ya tsaya yana mamaki, domin itacen daji nauyi gare shi kamar dutse. Sai maginan da suka zo duba bangon suka kira shi, abin ya fita daga ransa.

Ran da hadari ya fara haɗuwa, motar siminti ta tsaya a ƙofar gida. Magina suka fara saukewa, buhu bayan buhu, shugabansu yana satar kallon Injiniya yana murmushi. Auta ta taka masa ƙafa a hankali.

Ya share gumi, ya je ya durƙusa.

"Mama, a gafarce ni. A ba ni izini in kankare fentin kaɗan, ta ƙasa, inda ba a gani."

"Sai yau?" in ji ta. Ta miƙa masa wuƙa. Ashe tana gefenta a kan tabarma tun safe.

Ya kifa bencin. Ya kankare kore, ya tarar da shuɗi. Ya kankare shuɗi, ya tarar da wani koren. Can sai bakin wuƙar ya taɓa itace, mai duhu, busasshe, lafiyayye, ba ɗigon ruɓa. Wani ƙamshin gasasshen katako ya taso, irin wanda Auta ke cewa ya ƙi fita daga rigunansa ko an wanke.

Ya ɗago kai a hankali. Mama ta riga ta ɗaga wa magina hannu su mayar da simintinsu mota.

"Uba bai gane ɗansa ba don an canza masa riga," ta ce, tana dariya har da hawaye. "Makon da ka fara sallama a gidan nan na aiki kafinta rumfarka ya sayo katako ya haɗa bencin nan, na ajiye shi ƙarƙashin indararo, na ce ran da ya ruɓe ran nan za ka daina zuwa. Kai ka ɗauka haka kawai nake cewa sai bayan damina?"