Hular Baba a Bakin Garmaho

Yaya Sale ne ya fasa faifan Baba bayan rasuwarsa, wai haramun ne. Ban yafe ba.

Ina shekara bakwai, wata la'asar a Makka, Baba ya rufe tagogi, ya ɗora faifan, ya cusa hularsa a bakin garmaho kada masu hana kiɗa su ji. Sai goge kamar ɗari suka taso daga cikin hular, har suka cika ɗakin.

Ya ce, "Ya walad, yarona, wani Bature kurma ya tsara wannan."

"Kurma kuma, Baba?"

Ya tuntsire da dariya, ya sunkuce ni, muka yi ta juyi, kansa ba hula.

Ranar da Sale ya fasa faifan, na gaya masa ido da ido: "Yaya, kurma ya ji abin da kai mai kunne biyu ka kasa ji."