Ruwan Randa Ya Tafasa

Zuwaira, tsohuwar ɗalibar Malam Tanimu da ke aiki a hukumar ilimi yanzu, ita ta karɓi akwatin gwajin kimiyyarsa. "Gyara kawai za mu yi, Malam, ya dace da sabon tsari. Wallahi."

Ranar da akwatin ya dawo, darasin tafasar ruwa ake yi. Bai ko kunna risho ba, ya tsoma ma'aunin zafi a ruwan randa. Ma'aunin ya nuna ruwa ya tafasa.

Ya kira Zuwaira a waya. "Me kuka yi wa kayana?"

"Yanzu kayan ke bin darasi, Malam. Yaro ya daina kuskure."

"Ke da sai da kika fasa min ma'auni uku kafin ki iya?"

Ta kashe waya. Ya juyo, yara duk sun rubuta amsa. Ba wanda ya tsoma yatsa ya ji.