Ruwan Shukar Malam Jatau

Tunda zafin bazara ya fi ƙarfin tsofaffi, sai aka koma kwantar da su barci na wata uku a ɗakin sanyi, da ɗan agogo kamar ƙwayar dawa a ƙarƙashin fatar hannu. Shi ke tashin su. Kuluwa ce mai saita agogon.

Da hantsi Malam Jatau manomi ya miƙa mata hannu.

Ta ce, "Baba, wace rana za a tashe ka?"

"Ran da ruwan shuka ya sauka."

"Ai agogon bai san hadari ba, Baba. Kwanan wata kawai ya sani."

Ya yi tsaki. "Bara kwanan watanku ya tashe ni, sama fayau. Kwana arba'in ina gasuwa."

Akwai wata hanyar: a bar agogon ba rana, sai wanda ya dangwala yatsa a takardar alkawari ya dawo ya taɓa shi. Kuluwa ta saci kallon gadaje ukun nan na ƙurya, waɗanda masu tashinsu ba su dawo ba shekara biyu.

"Wa zai dangwala maka?"

"Nawa duk sun riga ni gidan gaskiya, 'yata. Sai ke."

Ta dangwala.

Idonsa na lumshewa ya ce, "Ba yayyafi ba fa. Ki tona ƙasa, sai laima ta kai wuyan hannu."

Kuluwa ba ta taɓa shuka ko albasa ba. Da ta tashi aiki, ta bi ta maƙera ta sayi fartanya.