Yarinya Ta Huɗu

Katifu uku ne a kan tabarma, amma sunaye huɗu na gani a takardar duba numfashi.

Ofishin gunduma ne ya aiko ni in duba gidan renon yara na wata tsohuwa. A doka, idan yara suna barcin rana, duk minti biyar mai reno za ta duba numfashin kowanne ta buga hatimi. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Duk abin da zai iya cutar da yaro ta rubuta shi: matakala, murhu, har igiyar labule.

"Ranki ya daɗe, kin ga kuskure ne?" Tsohuwar ta durƙusa, goshinta ya kusa taɓa tabarma. "Ki rufa min asiri. In kuka rufe gidan nan, da wa zan yini?"

"Mama, tashi. Ina yarinya ta huɗun?"

"Wannan ja'irar? Ba ta barci sai ana bubbuga mata baya. Rage murya, da ƙyar na samu ta kwanta."

Ta nuna wani lungu da babu kowa.

Na sake karanta sunan. Nawa ne, wanda take kirana da shi ina 'yar shekara biyu a ɗakin nan. Hatimi goma sha biyu, duk na yau, suna shaida cewa ina numfashi.

Tambaya ɗaya ta rage a rahotona: akwai sauran haɗari a gidan? Na cire murfin biro. Ita kuwa ta dubi agogo, ta karɓe takardarta, ta lallaɓa zuwa lungun, ta sunkuya tana saurare, sannan ta buga na goma sha uku.