Zarton Kifi a Rumfar Bahago

Haoua Illiya ta kankare ɗan gari daga zarto na bakwai, ta zuba a kwalba. Zarton baƙi ne ƙirin, yana warin hayaƙi kamar sauran shidan.

Shekarar da sojoji suka karɓe mulki ce, fari ya cika hanyar Aderbissinat da mushen shanu. Kowa a Agadas zancen hatsi yake, ita kaɗai ke zancen kifi. Kifi mai zarto ne, ɗan uwan wanda Faransawa ke kira rekan, dogon bakinsa jere da haƙora, shi ne zarton. Kaɗan suka rage a wani bakin kogi can gaɓar tekun yamma. Aikinta shi ne ta karanta gadon jininsu a tsofaffin zartuna, a gane ko zuriyar za ta iya farfaɗowa.

Na farko ta gan shi ne rataye a rumfar Malam Bahago mai magani, abokin marigayi babanta, wanda bai taɓa kiranta da sunanta na takarda ba, sai da laƙabin da ya sa mata tun tana yarinya. Ta ce ko da wasu tsofaffi?

"Akwai, ɗiyata."

Bahago kam bai taɓa ce wa mai saye babu ba. Bayan wata biyu sai ga wani, sai ga wani. Fatake ke kawo masa.

Sai abokiyar aikinta Binta ta fara bugo waya daga gaɓar teku. Ana tsintar kifayen a yashi, an yanke zarton an yar da gangar jikin. Ƙananan da su Binta suka sa wa lamba suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Masunta sun ce saƙo ne ke zuwa daga arewa, hannu zuwa hannu, wai wata Baturiya ce ke saye a Agadas.

Haoua ta yi rantsuwa sai ta tona matar. Ta bi otal-otal, ta bi masu yawo da baƙi. Duk a banza. Tsoron masu satar mutane ya kori Turawa, ko ɗaya ba ta samu ba.

Ranar Talata sakamakon ɗakin gwaji ya iso. Zartuna shidan da suka biyo bayan na farko duk na 'ya'yan uwa ɗaya ne. Binta ta ƙara da cewa uwar ce kaɗai ta rage, kuma an ga jiragen masunta uku suna kewaya inda take kwanciya.

Tsoro ya kama Haoua sosai. Ta nufi kasuwa don ta tambayi Bahago wa kuma yake sayar wa.

Tun daga nesa tsohon ya taso yana murna.

"Kin yi sa'a! Na aika a yanko babban, hayaƙi kawai ya rage a yi masa ya tsufa yadda kike so. Shigo inuwa mana, Baturiya."