Jiƙon Kanwar Gwaggo Tabawa

Tun da aka dasa wa kowa na'urar narka abinci a ciki, kanwa ta koma gidan tarihi. Ranar da ta Tanimu ta lalace, ya wuni yana amai, sai ya lallaɓa can wajen gwaggonsa Tabawa, mai kula da kayan mutanen da.

"Gwaggo, cikina zai fashe."

Ta waiga, ta ɓantaro kanwar da ake nuna wa baƙi, ta jiƙa masa. Ya kurɓa, sai ga gyatsa kamar tsawa. Baƙi suka watse da gudu, ba su taɓa jin irinta ba.

"Ka ce alhamdulillahi mana!"

Kafin ya buɗe baki, na'urar ta yi magana daga cikinsa: "An sanar da hukuma."

"Su zo," in ji Gwaggo, "da sauran kanwa."